Kawu da motar da ba ta yi golmo ba

Ran Talata da hantsi jikar Kawu ta kira ni. "Baba, Kaka ya tafi." Abin da ta iya faɗa ke nan, sai kuka. Ran Laraba kafin la'asar ina Zuru.

Tun daga bakin hanya ake jin zumuntar matan majami'a suna waƙa a gindin mangwaro, baiti ɗaya da Hausa, baiti ɗaya da C'lela, yarenmu na gida. 'Yan'uwanmu Musulmi sun shimfiɗa tabarmi ta wajen rumbu, duk wanda ya shigo su ce Allah ya ba da haƙuri. Tsofaffin sojoji uku suka zo, ragowar warinsa ke nan, kowa da lambarsa a ƙirjin riga. Ɗaya sai da aka riƙe masa gwiwar hannu kafin ya iya sara wa akwatin. Wata tsohuwa daga Dirin Daji, ba wanda ya san ta a gidan, ta zauna a ƙasa tana cewa shi ya taɓa kai ta asibiti tana naƙuda, kuma ɗan da ta haifa ne ya kawo ta yau a babur.

Kowa kuma abu ɗaya yake faɗa: "Ci-mil ya tafi." "Allah ya jiƙan Ci-mil." Jikoki har riguna suka buga, ga hotonsa na tsufa da hular soja, a ƙasa an rubuta Ci-mil da manyan baƙaƙe. Wani ya miƙo mini tawa, ya ce, "Baba, babba muka ajiye maka saboda tumbi." Aka yi dariya. Na karɓa na ninke, ban iya sa ta ba.

Ku yaran gidan nan ba ku san inda sunan ya fito ba. Daga bakina ya fito. Shi ya sa nake rubuta wannan a zaurenmu na waya, da yatsa ɗaya, ku yi haƙuri da kuskure. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda ba ya iyawa.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Direban soja ne, kofur, ya ja manyan motoci tun kafin yaƙi, bayan yaƙi ya dawo gida ya kama fartanya. Gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya sauri ko ruwa ake yi. Duk injin da ya gani, ko na niƙa ne, sai ya ɗora masa tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro. Yana sansanar baƙin mai kamar yadda mata ke sansanar daddawa a kasuwa. In ya ga fartanya a jingine ta yi tsatsa sai ya ce, "Ƙarhe ma gumi yake so." In ya ga saurayi a zaune da rana ya ce, "Abin da ya zauna shi ke ruɓewa." Mun sha jin wannan har muna kwaikwayonsa a bayan ido.

Yana da baƙin keke mai kariya, yana goge shi kowace Asabar. A kan keken nan ya kai ni rubuta jarrabawar shiga sakandare. Ya zauna a gindin bishiya tun safe har muka fito, da dafaffen rogo a aljihu, bai ci ba sai da na fito muka raba. Bai tambaye ni ko na iya ba, hannuna kawai ya tambaya ko ya gaji.

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada in yi ƙarya don ya mutu. In ya ce a'a, ko fasto ya zo sai dai ya sha ruwa ya koma. Shekara biyu ba ya gaisawa da maƙwabcinsa saboda akuya. Kuma ba ya bayanin kansa. Ya yi abu ya yi, in ka gane ka gane.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashin nan, ina ƙaramin ma'aikaci a Kaduna, shekarata ashirin da huɗu, wando mai faɗin ƙafa, gashi kamar kwando. Kowa a ofis yana sayen babur ko rediyo mai faifai, ni kuwa na ce mota zan saya. An sa bikina da uwar yarana bayan Kirsimeti, kuma na rantse ba za a kai amaryata Kaduna a bayan akori-kura ba.

Ɗan baffana ne ya rubuto mini cewa Mai Kanti zai sayar da tasa. Mai Kanti mutumin gabas ne, ya daɗe a Zuru har Hausarsa ta fi tawa karin magana. Motar ya saye ta sabuwa kafin rikici. Da ya tafi gida lokacin yaƙi, maƙwabta suka ɗora ta a kan duwatsu a bayan kanti, ta yi shekara huɗu a rufe. Da ya dawo kuwa, daga gida sai kanti, ran Lahadi majami'a, in an yi nisa a je Dabai gaisuwa. Kawu ne ma ke jan shi wani lokaci, don idon Mai Kanti ya fara rauni.

Na zo hutun mako guda, na ce Kawu ya raka ni. Ba don shawara ba, don a ga na zo da babba.

Aka yaye tamfol. Launin madara, sitiyari a dama irin na da, kujerun baya har da ledarsu ta kamfani. Na leƙa agogon mil. Shekara sha ɗaya, ba ta cika mil dubu goma ba. A Kaduna abin da kowa ke fara dubawa ke nan, agogo.

Kawu bai ko kalli agogon ba. Ya buɗe bonet, ya kwance murfin baƙin mai, ya lakato da yatsa ya miƙo mini.

"Mi ka gani, ɗan birni?"

Wani farin abu ne mai kauri kamar kindirmo.

"Mai ne, Kawu."

"Ruwa ne. Inji in bai yi zahi ba, ruwa ke kwana cikinsa. Daga nan zuwa majami'a, kahin ta ɗumama an kashe ta."

Ya matsa tiyon lagireto, ya nuna mini ya tsattsage kamar faso. Ya ƙwanƙwasa salansa da sifana, tsatsa ta zubo. Tayoyi ga zane cif kamar sababbi, amma gefensu duk ya dare.

Mai Kanti ya ce, "Kofur bai yi ƙarya ba, ɗana. Tun da na dawo ko Kontagora ba ta je ba."

Ni a kunnena yabo ne. Ko Kontagora ba ta je ba, ai sabuwa ce ke nan.

Kawu ya goge yatsa a wando ya ce, "Wagga mota ba ta yi golmo ba."

Ga waɗanda aka haifa a birni: golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa surukai, shekara da shekaru, shi da warinsa, kafin a ba shi mata. A nan ake gane wanda bayansa ke ɗaukar rana. Kawu ya yi nasa cif kafin ya shiga soja. Ni makaranta ta fisshe ni, surukaina kuma mutanen majami'a ne, ba su nema ba.

Kawu ya ci gaba, a gaban masu sayen sabulu da ashana: "Kai ba ka yi ba, motarka ba ta yi ba. Ku biyu za ku ɗauki ɗiyar mutane ku shiga dajin Birnin Gwari?"

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi ta dole. Na saya a ranar, rabi don motar, rabi don dariyar.

Matsala ɗaya, ban karɓi lasin tuƙi ba tukuna, ina kan koyo a Kaduna. Dole na bar ta a gidan Kawu mako shida. Da zan tafi na ba shi makulli na ce, "Kawu, a riƙa wanke ta kawai. Darajarta duk a agogon nan take. Kada ya motsa."

Ya dubi makullin, ya dube ni. Ya ce, "Sauka lahiya."

Na ɗauka ya amsa ke nan.

Na dawo ana saura kwana biyar biki, ranar kasuwa, lasin a aljihu. Ɗan baffana ya tare ni a tasha, tun kafin in sauke jaka ya ce, "Ango, motarka ta fi direbobin tasha sanin hanyar Dirin Daji. Kullum tana hanya. Har Sakaba an gan ta."

Na ce ƙarya ne. Ya ce in zo in gani.

Tana bakin kasuwa a gindin tsamiya. Jar ƙasa har gilashi. But ɗin bayanta a buɗe, mata biyu suna sauke buhun dawa. A kujerar baya, kan ledar nan da nake alfahari da ita, ga kaza a ɗaure. Na tura kai ta taga na duba agogo. Ya haura da fiye da mil dubu.

Kawu yana tsaye a gefe yana shan ruwa a kwano, da filasta a haɓarsa. Na ga filastar sarai. Ban tambaya ba.

A gidanmu, in za ka yi wa babba maganar da ba ta da daɗi, da yaren gida ake yi, a ja shi gefe, murya ƙasa. Ni da Hausa na yi, don duk kasuwa ta ji, mahauta da Fulani masu nono da 'yan tasha.

Na ce, "Kawu, amana na ba ka ko motar haya? Na ce kada agogo ya motsa, ka cinye mini mil dubu. Har da kaza ake biyanka? Da ka ce kana cikin matsi ai da na aiko maka."

Kasuwa ta juyo wajenmu. Sai wani mahauci ya ce, "Kofur, ashe mil ake ci yanzu? A ɗan sam mana." Wani ya amsa daga baya, "Ci-mil." Dariya ta zagaya.

Kawu ya ƙarasa shan ruwansa. Ya miƙa wa mai kwano kwanonta. Ya buɗe ƙofar baya ya ɗauko kazar, ya ba wata tsohuwa da ke tsaye, ya ce mata da C'lela ya gode amma ta kai wa jikokinta. Sannan ya zaro makulli, ya goge shi a rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu, kamar yadda ake miƙa wa babba.

"In ka kai Kontagora ka tsaya ka duba ruwa. Kada ka buɗe da zahi."

Ya juya ya kama hanyar gida a ƙasa. Ban tambayi kaina ina kekensa ba.

Inna ba ta yi mini magana ba duk satin bikin, sai abin da ya zama dole. Kawu kuwa ya zo, ya zauna inda kawu ke zama, ya karɓi surukai, ya yi wa amarya nasiha, ya ci shinkafa. Da za mu tafi ya zagaya motar sau ɗaya, ya taɓa kowace taya da ƙafa, ya ɗaga mana hannu.

Mun isa Kaduna ko tari motar ba ta yi ba. Ga amarya, ga ƙanwarta, ga akwatuna da tukwane har kan rufi. A Kontagora na duba ruwa, yana nan cif. Na ce wa amarya, "Kin gani? Tsofaffi da tsoro." Shekara uku ina ba da labarin nan a ofis, yadda na tsinci mota sabuwa fil a ƙauye, yadda wani kawuna ya so ya hana ni don ya samu ta haya. Har shawara nake ba mutane: ku duba agogo kawai.

A shekara ta uku na kai ta gareji a Kaduna don kuloci ya fara santsi. Bakaniken dattijo ne, shi ma tsohon soja. Ya buɗe bonet ya daɗe yana kallo.

"Wane soja ya yi maka aikin nan?"

Na ce ba wanda ya taɓa ta, haka na saye ta.

Ya yi dariya. "Maigida, wannan ɗaurin waya a bakin tiyo, a barikin soja kawai ake koyar da shi. Tiyon nan duka ba nata ba ne na asali. Fambel ma haka. Leƙa ƙasa ka ga salansa, ai an sauya. Robobin birki ma wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi wannan yana sonka."

Na tsaya riƙe da makulli kamar an aiko ni.

Kirsimetin shekarar na je wajen Mai Kanti. Lokacin idonsa ya kusa tafiya duka, amma ya gane muryata. Na tambaye shi. Ya ce, "Sai yanzu?"

Shi ya ba ni labarin mako shidan. Washegarin tafiyata Kawu ya zubar da baƙin man ya zuba sabo, ya ce zai kai ta nesa ta yi zafi sosai, duk abin da zai fashe ya fashe kusa da gida. Fitar farko tiyo ya fashe kafin ya yi nisa. Ta biyu fambel ya tsinke. Ana cikin mako na biyu salansa ta faɗi a hanya, ya ɗauro ta a rufi. Kullum ya dawo sai ya zo kanti, Mai Kanti ya aika wa ƙaninsa a Kontagora a sako kayan a motar safe. Da abin ya yi yawa, ga fetur, ga tayoyi biyu, Kawu ya tura kekensa kasuwa.

"Birki fa ya fi ba shi tsoro," in ji Mai Kanti. "Ya ce roba in ta zauna shekaru bushewa take yi, ba ta nunawa sai ranar da aka matse ta. Sai ya riƙa zuwa gangaren nan na hanyar Dirin Daji shi kaɗai, ya sako ta da gudu ya taka. Rana ta huɗu ya taka, ƙafa ta tafi har ƙasa. Gonar dawa ya shiga da ita. Haɓarsa ta daki sitiyari, ɗinki biyar."

Sai da ya gyara birkin ya fara ɗaukar mutane, don a cewarsa amarya da kayanta nauyi ne, dole motar ta saba. Kuma dama Kawu ba ya iya wuce mai tafiya a ƙasa. Ko kwabo bai karɓa ba. Kazar ma cusa ta aka yi ta taga.

Na ce, "Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Ya hana. Ya ce ran da yaron ya buɗe bonet da idon gani, zai gani."

Tabon nan na haɓarsa da kuke cewa na yaƙi ne, ku duba hoton da ke rigunanku, yana nan. A gonar dawa ya same shi, yana gwada birkin da ni da uwar yarana za mu taka a hanyar Kaduna.

Abin da ya kamata in yi a ranar kowa ya sani. Ga abin da na yi. Na je Kontagora na sayo sabon keke, na ɗauro a rufin motar, na kai masa. Na same shi yana yaɓen rumbu, hannu duk laka. Bai kalli keken ba, wajen motar ya nufa. Ya ce in tayar. Ya goge hannu ya ɗora tafinsa a bonet, ya karkata kai yana saurare.

"Tana shan mai?"

"A'a, Kawu."

"Kana kai ta nesa?"

"Ina kai ta."

"To, madalla."

Maganar tana bakina. Na shirya ta tun daga Kontagora, da yaren gida, har da inda zan durƙusa. Amma ga maƙwabta sun taru kallon keke, ga matata a tsaye. Na ce, "Kawu, ga keke na kawo maka."

Ya ce, "Na gode. Allah shi yi albarka." Ya tsaya kaɗan yana dubana, kamar mai jiran a ƙarasa. Na ce zan dawo da yamma mu yi hira. Da yamma na tafi gaishe-gaishe.

Haka muka yi ta yi shekara arba'in da wani abu. Na kawo rediyo. Na sa masa kwano a ɗaki. Na kai shi Kaduna aka yi masa aikin ido. Kowane abu ya ce na gode, Allah shi yi albarka. Duk zuwana Inna kan ce, "Ka je ka ga kawunka," in ce ai daga can nake, ta ce, "Ka je dai," har ta rasu ban gane ba, ko in ce na ƙi ganewa. Sunan kuwa ya bi shi. Tun yana na tsokana har ya zama nasa, har yara suna kiransa da shi yana amsawa. Motar ta yi mini shekara tara.

Jiya, kwana uku da binne shi, Iya ta aiko a kira ni. Iya matar Kawu, wadda ya yi wa golmo. Tana zaune a bakin gadonsa, ta sa an jawo wani tsohon buhu daga ƙarƙashi. Ta ce in kwance.

Tiyo uku da suka bushe kamar ƙirgi. Guntun fambel. Da wata 'yar roba baƙa, ba ta fi bakin kwalba ba, a nannaɗe cikin takarda, ta rabe biyu.

"Ta birkin ce," in ji Iya. "Ya ce ran da ka tambaya a nuna maka. Ba ka tambaya ba."

Na ce, "Iya, na sani. Mai Kanti ya faɗa mini tun tuni."

"Mun san ka sani. Ran da ka kawo keke ya ce mini, yaron ya gani, saura ya hwaɗi." Ta gyara zama. "Akwai wanda ba ka sani ba. Ka tuna asibitin mishan sun sayi motar ɗaukar marasa lahiya a shekarar bikinka?"

Na tuna sama-sama. Na tuna an ce Kawu ya nema bai samu ba. Ban taɓa haɗa shi da komai ba.

"Ba nema ya yi ba, su sunka neme shi. Har an auna masa kaki. Sai ga maganar kasuwa. Dattawan mishan sunka ce su sun san halinsa, amma ba su iya ba da motar jama'a ga mutumin da ɗan ƙanwarsa ya kira maci amana a gaban gari, sai in yaron ya janye. Layi biyu sunka ce ka rubuto, ko ka zo ka hwaɗi da baki. Sun riƙe masa aikin har bayan Ista."

Na ce ba wanda ya aiko mini.

"Uwarka ta samo mai rubuta wasiƙa, kawunka ya je ya karɓe takardar. Ni na yi kuka, na yi hushi, na tahi gidanmu kwana goma. Ya ce ba a roƙon yaro ya wanke babba. In ya gani da kansa ya zo." Ta dubi robar da ke hannuna. "Bai sake riƙe sitiyari don aiki ba. Mutumin da ya ja mota har bakin teku. In motar asibitin ta wuce yana gona, sai ya tsaya ya saurara, ya ce wanga yaro yana kashe mata giya ta biyu."

Ban san tsawon zaman da na yi a ɗakin ba. Iya ba ta rarrashe ni ba. Can ta ce in tashi, birkila yana jira a kabari.

Kakanninmu kan ɗora tukwane a kan kabari don mai wucewa ya san ko wane ne ke kwance, manomi ne ko maharbi ko ɗan kokawa. Mu yanzu siminti muke yi. Na tarar an shafe, yana ɗanye, birkila riƙe da ƙusa yana tambaya me za a rubuta ƙarƙashin suna. Jikoki suka ce ai kowa ya sani, a sa Ci-mil.

Na ce a dakata. Mutane da yawa a wurin, har da na kasuwa da suka zo gaisuwar uku. Na faɗi abin da na rubuta muku nan, da Hausa, da ƙarfi, yadda na yi na farkon. Sannan na maimaita da C'lela saboda tsofaffin mata, yarena duk ya yi tsatsa, suna gyara mini ina ci gaba. Na ɗaga robar kowa ya gani. Na ce Kawu bai ci amanata ba, ni na ci mutuncinsa, kuma na san haka tun ina da baƙin gashi.

Jikan da ya ba ni riga ya dubi tasa, ya naɗe hannu a kan rubutun. Ban ce kowa ya cire ba, hoton Kawu ne a jiki. Roƙona kawai, daga yau in za ku kira shi ku ce Kaka, ko Kofur.

Allah ya ba shi hutawa, ya sa ya iske alheri fiye da wanda ya samu a hannunmu. Ya ba Iya ƙarfin zama.

Birkila ya sake tambaya me zai rubuta. Na faɗa masa. Ya duƙa ya ja baƙaƙe shida da ƙusa. Iya ba ta karatu, ta dafa kafaɗata ta ce me aka sa.

Na ce, "Direba."

Ta daɗe tana kallon simintin. Ta ce, "To. Yau dai an ba shi aikin."